Wayar Yashim Tana Zonkwa

Lahadi, 4 ga Mayu, 2025

Bayan coci mun wuce Springfield gaida Debbie, ni da Katung da Elvis. Wata uku ke nan da rasuwar mijinta, abokinmu Yashim. Ƙusar da Yashim yake rataye hularsa tana nan a bayan ƙofa, ba komai a kai. Na zauna na ba ƙusar baya.

Elvis ne ya tayar da maganar, shi da bakinsa ba ya zama. Wai to Yuli ta kusa, yaya batun wasan Ragowar Yaƙi? Debbie ta ce ai tun Nuwamba Yashim ya sayi tikiti, guda huɗu, ya hana ta faɗa mana. Katung ya ce suna ina? Ta ce a cikin wayarsa, yanzu ai ba a ba da na takarda.

Sai duk suka juyo suna kallona.

To ni na sa wayar a akwati. Ni na haɗa komai, daga takardun ofishin jakadanci har jirgin da ya kai gawa gida, ba wanda ya ɗaga yatsa sai da na ce ya ɗaga. A gidan su Yashim kayan jikin mamaci bin sa suke yi: riguna, takalma, agogo, duk a kulle a ɗakinsa na ƙauye, ba mai taɓawa sai shekara ta zagayo dangi sun zauna. Waya kuma kayan jiki ce. Abin da ya kamata na yi. Da ban sa ba, da su ne za su fara cewa Amurka ta cinye ni.

Wayar tana Zonkwa. Wasan kuma sha tara ga Yuli.

Talata, 6 ga Mayu

Abby ta tambaye ni a ofis wai su wane ne Ragowar Yaƙi. 'Yar da na haifa, da Hausa na yi mata bayani, da Turanci ta yi ta ce mini to.

Ba sunansu ba ne, Yashim ne ya laƙaba musu. Tsofaffin makaɗan rok ne, kiɗan Turawa, su huɗu, kowa daga ƙungiyarsa daban. Na wannan sun watse, na wancan sun mutu, sai waɗanda suka rage suka haɗa kai suka zama ƙungiya ɗaya. Sun ce wannan ne zagayensu na ƙarshe.

Mu a Kafanchan muka san su, lokacin kowa yana tare da mutanensa. Bayan tashar jirgin ƙasa akwai mai sayar da kaset, a wajensa Yashim ya kwafo. Ina yaron bakanike a lokacin, makaranta ta tsaya mini a aji uku, ni nake sato masa wayar birki yana ɗaura wa galan yana cewa jita ce. Akwai waƙa ɗaya da rediyo ya tauna a tsakiya, muka yanke wurin muka liƙe da jan farcen yayar Elvis. Duk lokacin da aka zo gurbin, sai Yashim ya cike da fito. Har muka zo ƙasar nan, har muka ji waƙar cikakkiya, bai daina ba, in an zo wurin sai ya danne mai jitar da fitonsa. Ni ban taɓa iya fito ba, iska kawai ke fita. Sun yi shekaru suna mini dariya a kai.

Yashim ne ya ce wata rana sai mun gan su da idonmu, mu huɗu. A lokacin ko kuɗin motar Kaduna ba mu da shi.

Asabar, 10 ga Mayu

Na kira su gareji na ce magana ta ƙare, zan sayi wasu tikitin, na gaba-gaba, inda gumin mai ganga zai faɗo mana. Elvis har ya fara murna. Katung ya cire gilashinsa yana gogewa, yadda yake yi in zai ɓata wa mutum rai.

Ya ce, "Ciyaman, kujerun da Yashim ya zaɓa ko a fasa."

Na ce kujera kujera ce.

Ya ce, "Ba komai ake ja da janwe ba."

A garejina. A gaban direbobina. Ni da na sauka a ƙasar nan da jaka ɗaya, yau ga motocin janwe a jere da sunana a jiki. Shi digirinsa na nas ne ya sa yake ganin ya fi kowa sanin abin da ya dace. Elvis ya shiga tsakani wai, "Likita, bar shi, ai ko aljanna Ciyaman zai tambayi ko akwai kujerar gaba." Suka yi dariya. Ban yi ba.

Amma an tsaya a kan maganar Katung. In babu tikitin Yashim, babu tafiya.

Litinin, 12 ga Mayu

Motar Yashim tana nan a ƙarshen yadi, filin garejina. Ni na jawo ta daga gaban shagon da zuciyarsa ta tsaya. Debbie ta ce ba ta son ganinta. Kujerar direba tana nan yadda ya tura ta baya.

Laraba, 14 ga Mayu

Na kira Yaya Didam, babban wan su Yashim, shi ke riƙe da makullin ɗakin. Na manta yadda muryarsa take. Da ya ce "Kambai, kana lafiya" sai da na janye wayar daga kunnena. Muryar ɗaya ce, sai dai ta tsufa.

Mun daɗe a gaisuwa. Ruwa ya sauka, an fara shukar citta. Sannan na kawo magana a hankali, na ce akwai wani abu a cikin wayar marigayi, minti kaɗan za a buɗe a rufe.

Ya ce, "Ɗaki a kulle yake, ƙanena."

Na ce na sani, Yaya, amma.

Ya ce, "Kai ka aiko da kayan. Ka san abin da ka aiko su yi."

Da zan ajiye ya ce sun zuba ido ranar biso ba su gan ni ba. Na ce aiki. Ya ce haka ne, aiki. Mutanen gida ba su san yadda ƙasar nan take ba, lokacin ƙanƙara ne, rabin motocin Maryland suna cikin rami. Katung da Elvis sun raka shi, ai ya isa. Wani ya raka, wani ya tsaya ya biya jirgi.

Lahadi, 25 ga Mayu

Bari in rubuta wannan tunda ba mai karantawa.

Shekara da shekaru, kowace safiya Yashim yana layin tasi a filin jirgi yana jiran fasinja, sai ya turo mini saƙon murya. Shirme kawai. Wa ya shiga motarsa jiya, me ya ci, Elvis ya ƙara ƙiba. Ni kuma in na tayar da janwe ina jira inji ya yi zafi sai in mayar masa. Bayan ya tafi, wata safiya na ga yatsana ya danna da kansa. Na yi magana. Alama ɗaya ta fito, toka-toka, saƙo bai isa ko'ina ba. To wa ya ji? Ba kowa. Sai na ci gaba.

Sabo ne kawai, kamar mai shan sigari. Ina ba shi labarin gareji. Na faɗa masa abin da Katung ya ce mini. Na faɗa masa ranar da na je ɗauko motarsa, yadda na tarar da kofin shayinsa da saura a ciki. Akwai wata safiya da ban san me ya same ni ba, na yi ta magana har inji ya gaji da jira. Wannan ko a nan ba zan rubuta ba.

Waya ce a kashe, a cikin akwati, a cikin ɗaki a kulle. Ya fi rami.

Alhamis, 29 ga Mayu

Elvis ya turo hoton mai jitar a guruf ɗinmu na waya, ya tsufa kamar busasshen kifi. Ya rubuta, ku yi sauri kafin shi ma ya bi Yashim. Ba wanda ya amsa. Daga baya ya goge.

Litinin, 2 ga Yuni

Sun zama shuɗi.

Da rana tsaka, ina gefen babban titin Beltway ina ɗaure wata mota da ta mutu, na ciro waya in duba adireshi. Sunan Yashim ya hau sama. Na buɗe. Duk saƙonnina tun daga Fabrairu, alama biyu-biyu, shuɗi. An buɗe su. An saurara.

Matar mai motar tana mini magana ban ji ba. Sai da ta taɓa hannuna ta ce ko in kira maka motar asibiti.

Talata, 3 ga Yuni

Ban aika komai ba yau. Na tayar da inji na zauna hannuna a kan sitiyari. Ina kallo, a ƙarƙashin hotonsa aka nuna yana kan layi. Hoton da ya ɗauka da hular nan. Ya daɗe. Bai rubuta komai ba. Ya sauka.

Ni ba yaro ba ne, kuma ni dattijon coci ne. Na san matattu ba sa riƙe waya. Amma in ba shi ba ne, to wani ne, kuma wannan wanin ya ji ni. Ban san wanne ya fi ba.

Juma'a, 6 ga Yuni

Elvis ya gani. Ya duba waɗanda suka karanta saƙonsa a guruf ya ga sunan Yashim. Ya kira ni yana tsakiyar hutun tuƙin bas, ba wasa ko ɗaya a bakinsa. Ya ce, "Ciyaman, har hoton nan da na goge, kana ganin ya gani?"

Katung ya ce sata ce, wani ɗan gidan ya fasa ɗaki ya ɗauke waya, gobe za mu ga ana roƙon kuɗi da sunan mamaci. Na ce to a cire lambar daga guruf yanzu-yanzu. Sai aka tuna Yashim ne ya buɗe guruf ɗin, shi kaɗai ke da ikon cire mutum. Shi zai iya cire mu. Mu ba mu iya cire shi.

Ban gaya musu nawa ba.

Talata, 10 ga Yuni

Na sa an lulluɓe motarsa da tamfol. Da iska ta taso sai ya riƙa kumbura daidai wajen direba. Na sa an cire.

Lahadi, 15 ga Yuni

Na ce musu ni na fita daga maganar wasan nan, ko tikiti ya samu ko bai samu ba. A wajen ajiye motoci na coci. Na ce ina da aiki, kuma mutum mai jikoki a hanya ba ya zuwa tsalle cikin Turawa.

Katung ya ce, "Aiki kuma."

Na ce me kake nufi?

Ya ce, "Ba ka shiga ka gan shi a asibiti ba, aiki. Ba ka raka shi ba, aiki. Yanzu kujera ma tsoronta kake ji."

Na ce ya maimaita. Elvis ya riƙe mini hannu yana cewa haba dattawa, ga matan zumunta suna kallo. Ya ce in babu ni shi ma ba ya zuwa, mutum biyu ba ragowar yaƙi ba ne, 'yan gudun hijira ne. Katung ya shiga motarsa bai yi sallama ba. Tun muna yara ban taɓa rabuwa da shi ba sallama ba.

Da ma Yashim ne mai ɗinke mu. Ni da Katung ba mu taɓa zama mu biyu mun ƙare lafiya ba.

Litinin, 16 ga Yuni

Ya kira. Da hantsi, ina ofis. Hoton Yashim ya cika fuskar wayar, da hular, yana dariya. Na bar ta tana rawa a kan tebur har ta gaji. Abby ta leƙo ta ga sunan, ta kalle ni, ta ja ƙofa a hankali.

Laraba, 18 ga Yuni

Jiya ma ya kira ban ɗauka ba. Yau na fita ƙarshen yadi, na tsaya jikin motarsa, na ce abin da zai faru ya faru. Na ɗauka.

"Kambai."

 Na zauna a ƙasa a kan tsakuwa, da wandon fita.

"Kambai, ni ne. Didam."

Shi ya yi ta magana. Wai ruwa ya yi yawa bana, ya ji tsoron rufin ɗakin yana yoyo, ya shiga shi kaɗai ya duba. Ba yoyo. Ya zauna a bakin gado. Ya ce bai san lokacin da ya buɗe akwati ba. Ya sa wayar a aljihu ya kai ta caji kasuwa tare da tasa wayar. Yashim bai taɓa sa wa waya makulli ba, ko motarsa ba ya kullewa. Ya yi kwanaki yana shiga ɗakin da rana in mutane sun tafi gona, yana jin tsofaffin saƙonnin ƙaninsa. Sannan ya ga wasu hotuna sun ƙi buɗewa, sai ya cire layinsa daga wayarsa ya sa a ciki don ta samu data.

Ya ce, "Sai ta fara kuka a hannuna kamar 'yan tsaki. Saƙo, saƙo, saƙo. Na zaci shi ne. Na danna, sai na ji kai."

Na ce, Yaya, nawa ka ji?

Ya ce, "Duka. Na san ba nawa ba ne. Na kasa tsayawa. Ba wanda yake mini maganarsa a nan, kowa sai ya ce a yi haƙuri."

 Ina jin zakara a bayansa.

Ya ce, "Wanda ka yi kuka a ciki, shi na fi komawa."

Na ce mura nake yi a ranar.

Ya ce, "To. Mura."

Can ya ce in dattawan gida suka ji mai riƙe da makulli ne ya buɗe, ba zai ƙara ɗaga kai a taro ba. Na ce daga bakina ba za su ji ba. Ya ce, "Shi ke nan. Kai mura ka yi, ni rufi na duba."

Sannan ya tambayi abin nan da muke nema a ciki. Yana da nauyi? Na ce a'a. In an cire za a ga gurbinsa? Na ce a'a, Yaya, ba a ma ganinsa. Ya yi tunani. Ya ce to in haka ne ba abin da ya fita daga ɗaki.

Asabar, 21 ga Yuni

A gidan Debbie aka yi. Na gaya musu Yaya Didam ne, na ce magana ta tsaya a nan. Iyakar abin da na faɗa ke nan. Katung ya zo, ya gaishe ni da "Ciyaman", na amsa da "Likita". Ba a ƙara ba.

Yaya Didam ya aro wayar maƙwabcinsa wai zai gaisa da Amurka, ya shiga ɗakin ya kira mu ta bidiyo, yana riƙe da ta Yashim a ɗaya hannun. Debbie ce ke nuna masa. Yaya, danna mai launin shuɗi. Ba wannan ba. Koma baya. Yatsansa ya fi maɓallan girma, sau biyu yana kunna tocila. Elvis ya ce da shanu aka aika da tikitin da sun iso. Har Yaya ya yi dariya.

Ana cikin haka hannunsa ya karkata muka ga ɗakin. Akwatunan da na ɗaure da hannuna. Hular a kan na sama. Debbie ta ce, "Yaya, tsaya a nan kaɗan." Ya tsaya.  Sannan ta ce to, ci gaba, danna inda aka ce aika.

Lambata aka sa. Wayata ta yi ƙara a aljihu. Na ciro, ga saƙon kamfanin tikiti: Yashim ya aiko maka da tikiti huɗu.

Na ce zan duba mota, kamar na bar gilashi a buɗe.

Asabar, 5 ga Yuli

Kujerun can sama ne, a gefen hagu, inda ko ɗan aikina ba zan saya wa ba. Na nuna wa Katung taswirar wurin na ce ga abin da ka nace a kai. Ya duba ya ce, "Mai jitar a hagu yake tsayawa." Ban san haka ba. Yashim ya sani.

Sai tikiti na huɗun. Mun ce Debbie ta zo, ta ce ba ta fita wajen kiɗa sai ta cire baƙi, ta ce ku je ku dawo ku ba ni labari. Elvis ya kawo sunan wani, Katung ya ce a'a.  Ban ma ce zan je ba. Elvis ne kawai ya ce motata za a shiga don ta fi sanyi, ban musa ba.

Lahadi, 20 ga Yuli

Mun je.

Fili ne a buɗe, an fara tun rana ba ta faɗi ba. Turawa masu furfura, wasu da sanda, wasu da jikoki. Mu uku a can sama. Elvis, Katung, ni, sai kujerar ƙarshe a hagu da ni. Na so in canja da Elvis, na ga Katung yana kallona, na zauna. Na ɗora jakar ruwa a kai, na ga bai yi ba, na sauke.

Sun tsufa. Mai gangar sai da aka riƙe shi ya hau. Hannun mai jitar yana rawa, daga inda muke ana gani a babban allo, amma da ya taɓa waya sai rawar ta tsaya. Daga kujerun nan kana ganin yatsunsa sosai, ba abin da ya tare. Wajen tsakiya suka kira sunayen mutanensu da suka mutu, ɗaya bayan ɗaya, jama'a suna tafi. Elvis ya faɗi sunan Yashim da ƙarfi a ƙarshe. Wata Baturiya a gabanmu ta juyo ta tafa mana.

Da suka ɗauko waƙar nan tamu sai na ciro waya. Ban shirya ba. Na buɗe sunansa na danna, na ajiye ta a kan kujerar tana ɗauka.

Aka zo gurbin. Wurin jan farce. Na san yana zuwa. Mai jitar ya shiga, sai fiton ya hau kansa ya danne shi, daidai yadda yake yi, har da ɗan karkacewar nan ta ƙarshe. Kusa da kunnena.  Ban juya hagu ba.

Da aka gama na ga su biyun suna kallona. Na ce wa ya yi? Katung ya ce ba shi ba. Elvis ya ce, "Ciyaman, kai ne." Na ce ka san ban iya ba. Ya ce, "Na sani. Amma bakinka na gani." Katung ya cire gilashi yana gogewa, ya daɗe bai mayar ba. A hanyar fita ya riƙe mini gwiwar hannu a kan matakala, wai duhu. Na bar shi.

Na aika saƙon kafin mu kai mota. Alama ɗaya.

Talata, 22 ga Yuli

Shuɗi tun jiya. Yau da safe ina jiran inji ya yi zafi, amsa ta shigo daga lambar Yashim. Saƙon murya. Na san Yaya ne, duk da haka sai da na kashe inji.

Ya ce ya ji. Wai wannan ne kiɗan da kuka yi shekara arba'in kuna jira, kamar ana sauke kwanon rufi daga mota? Ya yi dariya. Sannan ya ce, "Amma na ji fitonsa. Wa ya yi?" Ya ce yau zai cire layinsa ya mayar da wayar cikin akwati, ya isa haka. Za a buɗe ɗaki a Fabrairu. In akwai wanda yake son hular, sai ya zo da ƙafarsa ya faɗa a gaban dangi, ba a aikawa.

Ban saurari abin da na ɗauka ba. Yana nan. A banɗaki na gwada, iska kawai ta fita.

Na aika an wanke motar Yashim, ƙura ta yi yawa, ba kyau a gaban kwastomomi.

Da rana na tambayi Abby ko za ta iya riƙe gareji sati biyu lokacin ƙanƙara, in wani abu ya taso. Ta ce wane abu? Na ce tambaya kawai na yi.

Ta ce za ta iya. Da Hausa ta faɗa.